Kwaɗon Tsoho Nishizaka

"Wannan kam ba zai shiga ba, Baba," in ji mai shirya gawa, ya zaro ɗan kwaɗon roba daga hannun mamacin ya miƙa wa Genzo.

Genzo kafinta ya kalle shi sama da ƙasa. "Kai da wa? Mai shi ne ya ce a saka."

"Roba ce. In aka ƙona gawar, narkewa take ta manne a ƙashi. Gobe in 'yarsa ta zo tsintar ƙasusuwa, baƙin tabo za ta tarar."

Mitsue, 'yar mamacin, tana durƙushe kan tabarma gefen turaren tsinke. "Kawu, bar shi kawai. Tarkace ne fa."

Shi ma Genzo tarkace yake ce wa kayan wasan mamacin. Shekara ashirin katanga ɗaya ta raba shi da marigayi Nishizaka a wannan lungun na Osaka. Tun da tsohon ya bar tuƙin bas, kullum yana gaban injinan nan na tasha, ya jefa kwabbai, ya murza, ƙwallon roba ya faɗo da ɗan abin wasa a ciki. Ga su nan cike da kantocin da Genzo ya kafa masa: kyanwa cikin kwanon miya, ɗan kokawa yana guga, firiji kamar ƙwayar gyaɗa.

"Gemu fari, hankalin goye," Genzo kan ce.

"Kai dai katako ne, kanka ma katako," tsohon kan amsa.

Amma ranar Talata a asibiti tsohon ya damƙe masa hannun riga. "Kwaɗon nan mai lema, shekara uku ina murzawa kafin ya fito. Shi kaɗai za ka sa min. Ka ji, katako?"

Ya ce ya ji.

"Itace fa?" Genzo ya tambayi mai shirya gawa.

"Itace ba laifi."

Genzo ya zura takalmansa ya tsallaka shagonsa. Rana tana tsaka. Ya yanko guntun katako mai laushi, ya ɗora kwaɗon kan benci, ya sa tabarau. Bai taɓa kallonsa da kyau ba sai yau. Me tsoho ya gani a jikin wannan abin?

Yatsu huɗu a gaba, biyar a baya. Ɗigon ruwa a goshi. To, me ya sa ruwa a goshin mai lema? Ya juya shi. Ashe lemar a karkace take, ba kansa ya rufe ba. Can gindin ƙafarsa ga wani ɗan dodon koɗi, bai kai ƙwayar shinkafa ba, shi aka yi wa rumfa.

"Kai! Wane mara aikin yi ne ya zauna ya yi wannan?"

Ya kama sassaƙa irinsa a katakon. Sau uku dodon koɗin yana ɓallewa a bakin wuƙa. Na huɗu ya zauna.

Da yamma ya koma. Mitsue ta karɓi kwaɗon katakon ta kai kusa da ido.

"Kawu, wannan ƙurjin fa na mene ne?"

"Ƙurji? Buɗe idonki dai."

Ta daɗe tana kallo, sannan ta sa shi a tafin ubanta da kanta, ta naɗe yatsun.

Na robar yana kan tagar shagon Genzo yanzu, ƙurar katako ta fara taruwa a kan lemar. Dodon koɗin tas yake.