Gawon Malam Na'Allah

"Kalilu! Aje gatarin nan!"

Hajo ta dire tulunta a bakin hanya ta kutsa cikin gonar. Kalilu, ɗan unguwarsu, ko waiwayowa bai yi ba. Ya riga ya kwantar da gawo bakwai a gonar maƙwabcinta Malam Na'Allah, wanda ke kwance a gida mako uku ƙafafu a kumbure.

"Inna, ɗiyana kwana biyu ba su ci ba. Icce za ni kai kasuwa."

"Kai da kat taka da shi har Bafarawa kana riƙe mishi buta? Ka rasa iccen da za ka sara duk Tsamaye sai nashi?"

"Ko'ina an sare, Inna. Nashi kaɗai ya rage."

Gaskiya ya faɗa, kuma ita ce ta fi ƙona mata rai. Shekara shida Na'Allah yana bin kasuwanni da ƙafa, yana tara manoma, yana nuna musu yadda ake barin toho a gona a rage masa rassa har ya zama itace, yana haɗa masu iri da masu nema. Sun ji, sun gyaɗa kai. Damina biyu ta ƙi, kowa ya wasa gatarinsa.

Da azahar Hajo ta kai wa Na'Allah kunun dusa. Ba shi da kowa tun rasuwar matarsa. Ta yi niyyar ɓoye masa, bakinta ya ƙi.

"Kalilu ya sare ma gawo, Malam. Bakwai."

Ya juyo ya dube ta.

"Ya tone saiwa?"

"A'a."

"To, ya riƙe karatu, za su sake toho," in ji shi. Ya so ya yi dariya, tari ya sarƙe shi.

"Haka za ka ce? Ba ka ko tsine mishi?"

"Hajo, ba ni ruwa."

Kafin la'asar ya cika.

Wurin zaman makoki maza suka cika ƙofar gida, ana ta yabo. Wannan ya ce mutumin kirki, wancan ya ce ba a sake irinsa. Hajo tana bayan zana tana ji, har ta kasa. Ta ɗaga murya yadda na ƙarshen tabarma zai ji.

"Wane ne cikinku ya leƙo shi da kwano? Yana kwance yana jin sara, kuna wucewa ta ƙofarshi da icce bisa kai! Yau kunka san shi?"

Liman ya ce a yi mata haƙuri. Mata suka ja ta ciki tana fizgewa. Kalilu ya tashi ya sulale, takalmansa a hannu.

Kwana tara bayan nan wasu mutum biyu suka yi sallama a ƙofar Hajo suna neman Malam, ƙafafunsu fari fat da tafiya. Daga hayin iyaka suke. Sun ce Malam ya yi musu magana bara kan irin gero mai saurin nuna, ga shi sai yanzu suka samu.

Ta faɗa musu ya rasu. Suka zauna a ƙasa suka yi addu'a. Babban ya kwance 'yar jakar fata mai irin a ciki daga wuyansa, ya rasa wanda zai miƙa wa.

Hajo ta karɓa. Ba ta fi cikin tafi biyu ba. Ta shiga ɗakinta, ta taka turmi, ta rataye ta can sama inda ɓera ba ya kaiwa, sannan ta fito ta ɗebo wa baƙin ruwa.