Sallamar da Ba a Amsa Ba

Kwamfutar tun asali ba tawa ba ce, ta Yaya Badruddeen ce. Baƙa ce mai nauyi kamar dutsen niƙa, an ɗaure gefenta da salatif. Shekara uku ke nan da ya rasu a hatsarin mota a Hawan Kibo. Wayarsa ko ɓurɓushinta ba mu gani ba, amma kwamfutar ya bar ta a gidanmu na unguwar Nasarawa Gwom, sai ta zama tawa tun da ni ce mai zuwa jami'a.

Yaya shi ne ɗan fari, Umma kuwa irin matan da ce masu kunyar ɗan fari. Ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. "Wancan" take cewa, in ta yi kara ta ce "yayanku". In ya yi sallama mu ne masu amsawa, ita sai ta kau da kai kamar ba ta ji ba. Shi kuma Allah Ya zuba masa tsokana. Wata rana ya cire ƙarar da kwamfuta take yi in an kunna ta, ya sa muryarsa a wurin. Da ka danna sai ka ji:

"Salamu alaikum, Umma! Ɗanki ne Badruddeen. Yau ma ba za a amsa ba?" Sannan dariyarsa ta biyo baya.

A tsakar gida yake kunna ta da gangan. Umma ta ja tsaki ta wurgo masa mafici, ta ce, "Ku gaya wa wancan ba shi da ta ido."

Bayan sadakar arba'in na kunna ta don aikin makaranta, na manta sam da maganar. Muryar ta cika ɗakin. Umma tana tankaɗe a bakin ƙofa, rariya ta tsaya a hannunta. Can ƙasa-ƙasa na ji ta ce, "Wa alaikumus salam."

Tun daga ranar, kullum da safe kafin in fita, a ƙofar kicin nake kunna kwamfutar, ita kuma ta amsa. Ba mu taɓa yin maganar ba, ni da ita. Wannan ita ce kaɗai muryarsa da ta rage mana a duniya.

To, sai na shiga aji huɗu, aikin binciken ƙarshe ya taso. Malamin da ke duba aikina ya ce sai da wata manhajar lissafi, ita kuma manhajar ta ce atafau ba za ta zauna a kan tsohuwar Windos ɗina ba. Na gwada ya fi sau goma. Malam ya duba allon ya ce, "Rahma, wannan ai sa'ar kakata ce. Ki je a sa miki sabuwa, sati biyu ya rage miki." 'Yan ajinmu suka kwashe da dariya, ni kuma raina ya ɓaci. Ni dai ba a yi min dariya in ƙyale.

Ƙawata Immaculata, 'yar unguwar Kabong, ta ce ta san wani mai gyara, Oga Sylvester, hannunsa yana da kyau. Na ɗauki kwana biyu ina kwashe kaya zuwa filash. Hotunan Yaya, takardunsa, har da wasu tsofaffin rasiɗai da ba su da amfani, ban bar ko ɗaya ba. Ina ta yabon kaina, wai ni mai hankali.

Ranar da zan kai ta, na kunna a ƙofar kicin kamar kullum. Maƙwabciyarmu Maman Gyang ta shigo da sassafe ta kawo mana dankalin Turawa daga gonarsu, suna zaune suna hira da Umma. Yaya ya yi sallamarsa ya yi dariyarsa. Sauri nake yi, na rufe na jefa a jaka na fita.

Shagon Oga Sylvester ɗan tsukuku ne, ko'ina gawar kwamfutoci. Ya jujjuya tawa ya ce da gurguwar Hausarsa, "Kai, wannan ya tsufa fa. Zai ɗauka, amma sai na share komai. Ka kwashe kayanka duka?"

"Na kwashe."

"Ka tabbata? In na danna, babu dawowa."

Na ce, "Oga, ni ba yarinya ba ce. Na ce maka na kwashe."

Wallahi da wannan bakin nawa na faɗa, har da harara. Ya ɗaga kafaɗa ya danna. Muka zauna da Immaculata muna cin gyaɗa, wani ɗan layi yana ta tafiya a allon, ni har ina ƙorafin ya cika jinkiri.

Bayan awa biyu ya ce an gama. Ya kunna. Allo ya kawo shuɗi tas, gwanin kyau, sai wani ɗan sauti mai laushi ya fito, tilin, ya ɗauke.

Na tsaya ina jira. Immaculata tana cewa in duba yadda take gudu yanzu, ni kuwa kunnena yana wajen sallama.

"Ina muryar?"

"Wane murya?"

"Muryar yayana. In an kunna yana sallama."

Oga Sylvester ya cire tabarau. Ya ce irin wannan ba ya zama cikin hotuna ko takardu, can cikin kayan tsohuwar Windos ɗin ake ajiye shi, kuma da ita ya tafi. Ni kuwa a wautata na ɗauka muryar a jikin kwamfutar take, kamar ham a jikin mota. Ban taɓa kawo wa raina cewa abu ne da ake kwafa ko ake sharewa ba.

Na yi masa ta tas. Na ce ya cuce ni, na ce bai san aikinsa ba, har masu shagon kusa suka leƙo. Bawan Allah bai rama ba. Da Immaculata ta gaya masa ko muryar wane ne, sai ya ja kujera ya ce in zauna. Ya ajiye duk aikin gabansa ya sa wata manhajar tono abin da aka share. Har la'asar yana nema. Ya tono tsofaffin hotuna rabi-rabi, ya tono waƙoƙin da ban san da su ba. Daga ƙarshe ya ce, "'Yar'uwa, sabon ya zauna a kan wurin. Ka yi haƙuri."

A cikin keke napep ɗin da na hau zuwa gida na dinga kuka kamar ranar aka yi rasuwar. Abin da ya fi ci min rai, shekara uku ina riƙe da waya a hannu, ban taɓa ɗaukar muryar nan ba. Magana ce da ba ta kai minti ɗaya ba! Na ɗauki bikin ƙawaye, na ɗauki ruwan ƙanƙara, na ɗauki kyanwar maƙwabta, amma ban ɗauki Yaya ba.

Da na isa gida na kasa faɗa. Na ce kaina ke ciwo na shige ɗaki.

Washegari na yi shirin makaranta, na saɓa jaka zan sulale. Umma tana bakin kicin tana dama koko. Ba ta ɗago ba ta ce, "Rahma, ba ki manta wani abu ba?"

Shekara uku, ranar ce ta fara tambaya da bakinta. Na durƙusa na ciro kwamfutar, na danna. Tilin. Umma ta saki ludayi ta gyara ɗankwalinta, tana jira. Shiru.

"Umma, na kai an sa mata sabuwar manhaja saboda aikin makaranta. Muryar ta goge. An nema an rasa. Laifina ne, ki yafe min."

Na so ta zage ni, wallahi da ta mare ni da na fi samun sauƙi. Ta daɗe tana kallon allon nan mai shuɗi.

"Karatunki ai dole ne," ta ce. "Shi ma da yana nan cewa zai yi a sa."

Ta ɗauki ludayin ta ci gaba da damu, kokon har ya fara gudaji ba ta lura ba.

"Da dai kin gaya min jiya ce ta ƙarshe. Jiya ban amsa masa ba. Maman Gyang tana zaune, sai na ji kunya."

Na kifa kaina a gwiwa. Ina jin ta ta matso kusa da kwamfutar, da na ɗago sai na ga ta sa tafin hannunta a kan salatif ɗin da Yaya ya naɗa da hannunsa.

"Wa alaikumus salam, Badruddeen," ta ce.