Yatsu Nawa, Kulu?

A kan bencin wani asibiti a Funtua, cikin layin da ya miƙe har gindin darbejiya, Haladu ya sunkuya daidai kunnen 'yarsa, ya sake biya mata karatun da yake ta biya mata tun daga garinsu Ƙarfi.

"In likita ta ɗaga yatsu?"

"Ban gani ba."

"In ta haska fitila?"

"Ban gani ba, Baba."

"Yauwa. Ko raƙumi ta shigo da shi, ba ki gani ba."

Kulu ta yi ɗan murmushi, ta gyara hijabinta.

Dundumi ne ke damunta, amma irin mai bin jini. Shi ya cinye idon Inna, mahaifiyar Haladu, ya cinye na ƙanensa Talha. Da magariba yake fara sallama, sannan ya bi gefe-gefe kamar gara a jikin zana, har ya bar mutum yana leƙen duniya ta kafar allura. Ranar da Kulu, tana 'yar ƙarama, ta yi karo da turmi a tsakar gida bayan faɗuwar rana, Haladu ya gane baƙon. Ya tara iyali ya kafa doka: kada kowa ya ji. Mutum mai 'ya'ya mata, in aka ce gidansa gidan makafi ne, ko kazarsa ba mai tayawa. Shi da kansa ya koya mata dabara: ta riƙa miƙe wuya, ta haddace muryoyi ta riga mutum gaisuwa, in la'asar ta yi ta kama ɗaki. Ta kuwa iya. Har maƙwabta suna yabon ta da kunya, wai yarinyar da ba ta kallon idon manya.

Sai ga sanarwa a rediyo. Likitoci daga wani babban asibiti suna neman masu irin wannan ciwo, za a gwada sabon magani. Shekaru za a yi ana zuwa ana komawa, ana ɗibar jini, kuma ba alkawarin warkewa. A majalisa aka ce wa zai yarda a koyi aski a kansa? Haladu kuwa ya ƙudura zai kai Kulu. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa yake. Mutum ɗaya ya fasa wa sirrin, Maitama, wanda ba a taɓa rabon taki ko shinkafa an tsallake gidansa ba.

"Kai ma dai, Haladu," in ji Maitama. "Ka taɓa ganin an ba mai tumbi tallafi? Mutum kaɗan za su ɗiba. Wanda ya fi kowa lalacewa shi ne a gaba. Ta ce ba ta ganin komai, shi ke nan."

* * *

Likitar matashiya ce, mai magana a hankali. Ta fara bayanin tsawon shekarun da wahalar hanya, Haladu ya katse ta.

"Likita, ko da ƙafa ne za mu riƙa zuwa. Jini kuwa, in nata bai isa ba, ga nawa."

"Ita nake son ji, Malam. Kulu, kin yarda?"

"Na yarda."

Likita ta ɗaga yatsu. Ban gani ba. Ta matso da su. Ban gani ba. Ta haska fitila dama da hagu. Haladu yana gefe yana jinjina wa yarinyar a zuci: ko Maitama sai haka. Aka ɗora haɓarta a kan wata na'ura, likita ta daɗe tana leƙe. Da ta ɗago, sai ta cire tabarau ta ajiye.

"Malam Haladu, ka yi haƙuri. Wannan magani ba ya dawo da abin da ya tafi. Ana gwada shi ne a ga ko zai tsare abin da ya rage. Masu sauran gani muke ɗauka."

Haladu bai san lokacin da hularsa ta koma hannu ba.

"Likita, ƙarya ce! Wallahi ni na kitsa mata. Tana gani! Ko da safen nan ita ta miƙo mini buta. Ki yi mini rai, laifina ne, kada ki hukunta yarinya." Ya durƙusa gaban Kulu, ya ware hannu daf da fuskarta. "Bar wancan karatun. Faɗi gaskiya. Yatsu nawa?"

Ya ƙara matso da hannun.

"Yatsu nawa, Kulu!"

Idanunta biyu farare tas suna kallon bayan kafaɗarsa.

"Baba, ai ban yi ƙarya ba."

"Me kika ce?"

"Tun lokacin tsinkar auduga bara ya rufe. Duka."

"To me ya hana ki faɗa mini?"

"Kai ka ce kada kowa ya ji."

Likita ta buɗe baki, ta ce, "Da ma a ce tun tana..." Sai ta haɗiye sauran. Hannun Haladu yana nan a ɗage, yatsu uku a miƙe.

* * *

A waje rana ta take. Babura da kekuna sai tsala hon suke. Yana tafe yana waiwaye, sai yau ya ga yadda take tafiya: kai a miƙe, kunne a karkace, tana bin ƙarar silifas ɗinsa taku bayan taku. Sun iso bakin titi, ga kwalbati a buɗe. Ya kai hannu ya kama tsintsiyar hannunta.

A hankali ta zame.

"Sake ni, Baba. Kada wani ɗan garinmu ya gani."

Ta gyara tsayuwa, ta miƙe wuya kamar mai kallon motoci, tana jira ta ji ya ɗaga ƙafa.