Nauyin Siriri

Da aka tambaye ta a waya nauyin mijinta, Mama ba ta yi wata-wata ba. Kilo saba'in da takwas, ta ce. Haka yake rubuce a tsohon katinsa na asibiti, haka shi ma yake faɗa duk lokacin da zancen ya taso. Siriri ake ce masa tun yana saurayi, kuma sunan bai taɓa lura cewa mai shi ya canza ba.

Kafinta ne. Da hantsi ya hau gyara rufin wani shago, tsani ya zame, ya faɗo a kan ƙugunsa. Likitan ƙaramin asibitin garin ya duba hoton ƙashin, ya ce wannan sai babban asibiti, kuma awa bakwai a mota kan wannan hanya ba zai yiwu ba. Aka kira jirgin ɗaukar marasa lafiya.

An yi masa allurar kashe zafi, amma bai daina ihu ba.

"Haba Malam, ka cika raki," in ji Mama, tana cusa filas cikin jaka. "Jikokinka na jin ka."

Jirgin, mai saukar ungulu, ya sauka a filin ƙwallon da ke bayan asibitin. Mutum uku suka fito: matuƙi, likita, da wata nas da suke kira Sista. Gadon da suka turo yana da sikeli a jikinsa. Mutum shida suka ɗora Siriri a kai. Sista ta kalli lambar, ta kalli takardarta, ta sake kallon lambar.

"Baba, ko akwai wani a ƙarƙashin bargon nan?"

"Ni kaɗai ne, 'yata."

"Ɗari da ɗaya."

"Sikelinku ya lalace," in ji Siriri, yana nishi.

Likitan jirgin ya karɓi takardar allurar da aka yi wa Siriri. Ya ce an auna maganin ne da nauyin mutum mai kilo saba'in da takwas, shi ya sa bai kama shi ba. Ya ƙara masa. Cikin minti biyar ihun ya tsaya. Mama ta gyara wa mijinta bargo ba tare da ta kalle shi ba.

Sai matuƙin ya zo da nasa lissafin. Mutum ne marar yawan magana. Ya ce da man da ke cikin tanki, da zafin ranar nan, kilo ɗari da saba'in ya rage masa, na marar lafiya da mai rakiya da kayansu. Ko ɗaya ba zai ɗora a kai ba.

"Mama, ke nawa ce?"

"Sittin."

Sista ta ajiye ƙaramin sikeli a bakin ƙofa. "A nan gidan ba ma karɓar lamba da baki kuma."

Shekara talatin da huɗu Mama ba ta taɓa barin mutumin nan ya kwana asibiti shi kaɗai ba. Bai san sunan ƙwayoyin hawan jininsa ba, fara da ja kawai ya sani. Idan ba ta shiga jirgin nan ba, sai dai ta bi mota, kafin ta isa an riga an shiga da shi tiyata. Ta cire takalma, ta hau. Surukarta, matar babban ɗanta, ta leƙo.

"Saba'in da ɗaya," Sista ta karanta.

"Ashe ciwon na gida ne," in ji Siriri daga kan gado. Allurar ta fara sa shi nishaɗi.

"Rufe mana baki. Wa ya cinye wurin?"

Jakar ba a ma yi zancenta ba. Filas, matashi, rediyo, duk Mama ta miƙa wa surukar. Duk da haka ɗari da saba'in da biyu ne.

"Ni rabinki ce, Mama," in ji surukar a hankali. "Ko in je?"

Matuƙin ya ɗaga kafaɗa, alamar shi dai lamba yake jira. Ya ce minti uku ya rage.

Mama ta tsaya tana kallon mijinta, tun daga ƙafa har kai. A kan nasa idonta ya tsaya. Ba matashin asibiti ba ne yake tada kai da shi. Falmaran ɗin aikinsa ce, mai aljihu takwas, wadda ya ƙi saki tun da aka ɗauko shi.

"Ɗaga kanka."

"Kayan aikina ne!"

"A can rufin wa za ka gyara?"

Ta zare ta, ta zazzage a kan benci: guduma, filaya, tef ɗin awo, sukundireba biyu, makullan shago, da ƙusoshi cikin tafin hannu uku. Sista ta sake duba gadon.

"Casa'in da takwas."

"Kun gani?" in ji Siriri. "Ban kai ɗari ba."

Ɗari da sittin da tara. Da kilo ɗayan da ya rage, Mama ta ɗauki ledar magungunansa, da gilashinsa, da wayarta. Matuƙin ya rubuta, ya gyaɗa kai.

A cikin jirgin Sista ta ɗaure ta da bel, ta sa mata abin ji a kunne. Farfela ta fara juyawa, filin ƙwallon ya yi ƙasa. Daga taga Mama ta hango surukarta rungume da falmaran, tana tsintar ƙusoshi.

Sista na cika sabon kati. Ta tambayi sunan da za ta rubuta, Mama ta faɗa mata na gaskiya, sannan ta leƙa ta tabbatar an sa casa'in da takwas.