Ruwan da Baba Clarence Yake Tambaya

"Ba ya sha, Anti Kulsum. Ture kofin yake yi," in ji Bethany.

Na karɓi kofin na ajiye. Mahaifinta, Baba Clarence Ragel, maƙwabcinmu ne a unguwar Ardwick, ƙofar flat ɗinsa na kallon tamu. Tun da shanyewar ɓarin jiki ta same shi, Turanci ya ɓace daga bakinsa. Asibiti suka sallamo shi, suka ce sai dai a lallaɓa shi a gida. Abin da ya rage masa wani yare ne da ko 'yar tasa ba ta ji. Tun safe abu ɗaya yake maimaitawa: "Aagu… aagu."

Kafinta ne, mutumin Batticaloa a gabashin Sri Lanka. Wata rana yana gyara mana ƙofar kicin, maigidana Tijani ya tambaye shi, shi ɗan ƙabilar Tamil ne ko Sinhala? Ya yi dariya. Ya ce kakanninsa sojojin Fotugal ne da suka sauka a tsibirin shekaru ɗaruruwa da suka wuce, suka auri matan Tamil da na Sinhala. Jiragen ruwan suka koma, 'ya'ya suka zauna da yaren iyayensu maza.

"Burgher ake ce mana," ya ce. "Lokacin yaƙin basasa tsakanin ƙabilun biyu, duk shingen binciken da muka je sai a ce mu 'yan wancan ɓangaren ne."

Nas ɗin da ke zuwa duba shi 'yar Fotugal ce. Ta kasa kunne, ta ce kalmar ta yi kama da ruwa a yarensu, amma sauran ya fi ƙarfinta. Shi ya sa muka yi ta ba shi ruwa, shi kuma yana hawaye yana kau da kai.

Bethany, wadda ta taso daga Birmingham da asuba, ta zauna a bakin gado. "Ya so ya koya min yaren ina ƙarama. Na ce masa ba mai yin sa a makarantarmu."

"Ba wanda ya rage muku a can Batticaloa?" na tambaye ta.

"Ƙanwarsa, Anti Philomena. Ba ta yi masa magana tun tsunami. Teku ta shiga gidansu ta tafi da mahaifiyarsu, shi kuma takardunsa na zama a ƙasar nan ba su fito ba, bai je jana'iza ba."

Tijani na tsaye a bakin ƙofa. "Ki kira ta kawai. Video call ne fa. In ta kashe, shi ke nan, kin yi naki."

Bethany ta kira, ba a kuwa kashe ba. Wata tsohuwa mai furfura ta cika fuskar wayar, ta daɗe tana kallon wanta. Shi ne ya fara magana. Ta saurara har ya gama.

"Ba ƙishirwa yake ji ba," ta ce da Turanci. "Tambaya yake ko ruwa ya fita daga gida. Ko an fito da Mama."

Bethany ta dubi mahaifinta, sannan ta dubi wayar.

"Me za mu ce masa, Anti?"

Tsohuwar ta matso da bakinta kusa da wayar, ta yi masa magana a hankali, da irin muryar da ake lallashin yaro. Na ga yatsunsa sun saki bargon da ya damƙe.

"Na ce masa ruwa ya janye," ta ce, tana goge ido da bayan hannu. "Na ce Mama na baranda tana tsintar shinkafa, ya wanke hannu ya zo."

Bai ƙara tambaya ba. Azahar na yi, numfashinsa ya tsaya. Na yi innalillahi a raina, Bethany ta kifa goshinta a kafaɗarsa.

Ba wanda ya tuna ya kashe wayar. Tana nan a kan matashin kai kusa da kunnensa. A can wajensu yamma ta yi, tsohuwar ta ajiye tata ta tashi. Ba abin da muke gani sai fankar silin tana juyawa, hankaki na kuka, daga nesa kuma ana kaɗa ƙararrawar coci.