Ɗakin da Aka Toshe

Sai da Auta ta sa kafaɗa sannan ƙofar ta buɗe. Robar da ta buga a ƙasan ƙyauren ce take kama daɓe, kuma jiya ma har yaba wa kanta ta yi da ta ga ko allura ba za ta wuce ba. Wani ɗumi mai nauyi ya tarye ta, da ƙaurin gawayi. Baba yana kwance, bargo har wuya, ga tsohon kaskonsa a gindin gado, toka ta rufe garwashin.

"Baba, rana ta fito. Ga shayinka."

Bai motsa ba. Ta ajiye kofin ta girgiza kafaɗarsa. Ya buɗe ido kaɗan, ya sake rufewa. Sai a lokacin ta ga aman da ke kan matashinsa. Ta fizge labule ta kai hannu taga, sannan ta tuna ita da kanta ta lulluɓe ta da leda ta bi da ƙusa. Da almakashin ɗinkinta ta yage ledar, tana ƙwala wa maƙwabcinsu mai tasi kira.

A asibiti aka shige da Baba, aka bar ta a kan benci da silifa ƙafa ɗaya tata, ɗaya tasa. Ta kira Yaya, babban wansu, ta faɗa masa. Bai tambayi yadda jikin yake ba. "Me kuma kika yi?" ya ce, ya kashe wayar.

Tun da aurenta ya mutu ta dawo gida, ita ke riƙe da Baba. Keken ɗinkinta yana falo, ɗakinsa yana gefe, in ya yi tari tana ji. Yaya kuwa mutum ne mai arzikin shawara. Yakan zo da makullin mota a hannu, ya tsaya tsakar gida yana nuna abin da ya kamata a yi, ya tafi kafin a tambaye shi wa zai yi.

A zafin da ya wuce ne Baba ya suma a ɗakin nan. Rufin kwano ne ba sili, da azahar sai ka ce tanda. Ranar Yaya ya ce mata a gaban kowa, "In ba za ki iya ba ki faɗa. Akwai ɗaki a gidana." Baba ya san ɗakin. Ya taɓa zama a can, a ƙololuwar bene, gwiwarsa ba ta iya matakala, ba mai hawa ya gaishe shi, matar gidan tana ofis, yara suna makaranta. Ya dawo a rame kamar wanda ya yi jinya. A nan kuwa in ya fita ƙofar gida yana da abokansa tsofaffi, su zauna a kan dakali suna yi wa duniya gyara. Da Yaya ya fita, Baba ya kama hannunta ya kira ta da sunan da yake kiranta in maganar ta kai zuci.

"Uwata, duk abin da za ki yi ki yi. Kar ki bari a mayar da ni saman can."

Ta kuwa yi. Ta sa kafinta ya buga sili. Ta sa aka shafe kwanon da farin fenti. Ta kafa rumfa a bangon yamma inda rana take duka. Daga ragowar yadin mutane ta ɗinka labule mai ninki biyu, ta cusa auduga a tsakani, har masu kawo ɗinki suna tsokanarta wai Baba amarya zai yi. Zafi ya ƙare lafiya. Da sanyi ya fara shigowa, Baba ya yi ɗan tari suna waya da Yaya, Yaya kuwa ya ce a ba shi Auta. "Tari nake ji? Ke wai me kike yi a gidan nan?"

Daga ranar ta shiga farautar iska. Takan jiƙa bayan hannunta ta bi jikin ƙofa da taga, duk inda ta ji sanyi ta cusa soso. Ta rufe tagar da leda. Ta buga roba a ƙyaure. Saura 'yan ramukan da magina suka bari a saman bango, ta hau kujera ta danna musu tsumma.

"Bar waɗannan," in ji Baba. "Da su aka gina ɗakin."

"Ta nan sanyin yake shigo maka, Baba."

Ta sayo hita mai aiki da lantarki, ta ɗauke kaskon ta kai kicin. Abin da ba ta lissafa ba shi ne za a ɗauke wuta, kuma Baba ba mutumin da zai tashe ta daga barci don yana jin sanyi ba ne.

A asibitin, likitar, wata doguwa mai tabarau, ta fito daidai lokacin da Yaya ya iso yana haki. Ta ce an sa masa iska, zai farfaɗo, amma saura kaɗan. Gubar gawayi ce, ba a ganinta, mutum yana barci take cika masa jini.

"Ya saba kwana da wuta a ɗaki?"

"Tun kafin a haife ni," in ji Auta.

"To me ya canza bana?"

Nan take Auta ta gane. Duk shekarun nan ashe lalacewar ɗakin ce take riƙe da ransa, tagar da ba ta rufuwa sosai, da ƙyauren da ya ɗage, da ramukan saman bango. Ita ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta kashe.

"Na toshe ko'ina," ta ce. "Saboda sanyi."

Yaya ya saki baki yana kallonta. Yana jira likitar ta juya ya fara. "Kin toshe. Mutum da ransa kin sa shi a kwalba kin rufe. Ko kaza aka sa a akurki ai ana bar mata wurin shan iska!"

"Yaya, kai ka ce ka ji tarinsa."

"Na ce ki kashe shi?"

Mutanen da ke kan benci suka juyo. Ta so ta tambaye shi ko ya san launin silin da aka buga, ko ya taɓa riƙe wa wani tsani a gidan. Amma abin da ya fi ci mata rai shi ne yau ɗin yana da gaskiya. Wayarsa ta yi ta ƙara, yana amsawa yana ba dangi labari, kuma kowane labari da "yarinyar nan" yake farawa, ita da ta fara furfura.

Bayan azahar Baba ya buɗe ido sosai. Ya dube su ta saman robar da ke hancinsa, ya gane an riga an yi shari'a an gama.

"Ni na ɗauko kaskon," ya ce da ƙyar. "Ba ta sani ba."

"Ai maganar ke nan, Baba. Ba ta sani ba. Tana gida ɗaya da kai ba ta sani ba. Goggo ta kira, kawu ya kira, kowa yana tambayata yadda na bari. Daga nan gidana za mu wuce."

Auta ta kafa wa Baba ido tana jira ya yi gardama irin tasa. Shi kuma ita yake kallo, da kumburarrun idanunta da silifarsa a ƙafarta.

"Zan bi ka," ya ce. "Amma a bar yarinyar nan ta huta da baki."

"Baba, zan buɗe ramukan. Yau ɗin nan zan buɗe. Wallahi zan jefar da kaskon."

Ya rufe ido kamar bai ji ba.

Da la'asar Yaya ya kai ta gida ta haɗa kayan Baba. Tsofaffin suna kan dakali sun bar wurinsa ba kowa. Suka miƙe suna tambaya, Yaya ya ce da sauƙi, ya shige. Tana ninke riguna yana zagaya ɗakin, hannu a baya. Ya ƙwanƙwasa sili da makullinsa. Ya murza labulen tsakanin yatsunsa.

"Ba laifi, ɗakin ya gyaru," ya ce. "Nawa na saman can ne matsala. Nan da 'yan watanni in zafi ya dawo, ba mai iya zama a ciki da rana. Tagar yamma take kallo." Ya ɗaga kafaɗa. "To, zai saba."

Ta tsaya da rigar Baba a hannu. Ba ta taɓa tsanar mutum kamar yadda ta tsani wanta a wannan lokacin ba. Ta ajiye rigar, ta jawo kujera ta hau, ta fara zare labulen daga ƙarfensa.

"Me kuma kike yi?"

"Faɗin tagar taka ya kai wannan?"

Ya ware hannuwa yana kintace. "Ta ɗan fi."

"To zan ƙara masa yadi," ta ce. "Ka jira ni a mota."