Kiran Manu a Ƙarƙashin Kwando

Tun da aka dawo hutu, kwalejin nan ta Talata Mafara ba ta da wata hira sai ta ƙwallon kwando. Gasar manyan makarantu ta ƙarato, ga shi bara saura ƙiris su ɗauko kofi. Sai dai 'yan wasan bara sun watse. Augustine, dogon da ke tsare musu ƙarƙashin kwando, ya gama karatu ya tafi bautar ƙasa. Ya bar rigarsa a rataye, ya bar wa kyaftin Kamilu ciwon kai.

Koci Ebenezer ya cike sauran guraben ba wahala. Har ya samo Hosea, wani sabon shiga da ke jefa ƙwallo daga nesa ta faɗa raga ko ƙarfe ba ta taɓa ba. Rigar Augustine kaɗai ta rage, kuma mutum biyu ke nemanta: Nazir ɗan Bakura, wanda bakinsa ya fi tsallensa, da Manu.

Kamilu ne ya kawo Manu. Ran kasuwa ya gan shi a kara, inda mahaifin Kamilu ke dillancin shanu, yana miƙa wa 'yan lodi igiya a saman mota ko ɗage bai yi ba. Da ya ji ɗalibin kwalejinsu ne, ɗan makiyayan Gidan Goga, saura kaɗan ya taka rawa cikin kashin shanu. Washegari ya kai shi gaban Koci, ya bugi ƙirji ya ce ga magajin Augustine.

To, tsawo akwai, tsalle akwai, hannu kuwa duk abin da ka jefa masa ya kamu. Amma Manu ba ya magana. Zai zille wa mai tsaronsa, ya tsaya shi kaɗai ƙarƙashin kwando, ya yi tsit, kai ka ce layin karɓar magani ya shiga. Kafin a lura da shi an rufe shi.

"Dogon nan naka bebe ne?" in ji Koci. "Asabar za mu gwada da tsofaffin ɗalibai. In bai buɗe baki ba, Nazir zai sa rigar."

Ran Asabar da la'asar fili ya cika maƙil, har da 'yan kara da suka zo ganin ɗan maigidansu. Aka fara, kuma abin da Kamilu ke tsoro shi ya faru. Manu ya yi ta samun wuri, ya yi ta shiru. Da aka sako Nazir, sai "Ni! Ni! Ga ni!" kake ji. Ya ci biyu, ya zubar da sauran, amma dai kowa ya san inda yake.

Da aka tafi hutun rabin lokaci Kamilu ya ja Manu gefe, ransa a ɓace.

"Manu, don Allah mi ke damunka? Ka kira ni mana!"

"Yaya Kamilu, ƙaƙa zan ɗaga maka murya gaban jama'a? Kai ag gaba da ni."

Kamilu ya rasa ko dariya zai yi ko kuka. Kunya ce za ta raba su da kofi! Amma shi ɗan kara ne, ya san babu makiyayin da ba shi da kiran da garkensa ya sani.

"Gida, in kana so shanu su juyo, mi kaka yi?"

Manu ya sunkuyar da kai. "Akwai kiransu."

"To yau ni bijimi ne. Kira ni hakanan, ba ruwan kunya da bijimi."

Aka koma. Manu ya zille, ya murɗe leɓe ya saki wani fito mai kaifi, sai fili gaba ɗaya ya tsaya cak. Kowa ya ɗauka usur ne. Koci, wanda shi ke alƙalanci, ya dubi usur ɗinsa da ke lilo a ƙirji, ya dubi Manu. 'Yan kallo suka tuntsire da dariya, 'yan kara har da riƙe ciki.

"Wanda ya sake yi min fito a fili, ya kama hanyar ɗakinsa!" Koci ya miƙa wa tsofaffin ɗalibai ƙwallo.

Kamilu ya ga laifin kansa. Shi ya jawo wa yaron nan abin dariya, kuma ga Nazir can ya fara ɗaure takalmi. Da suka gifta juna da Manu ya ce masa da sauri, "Ba fito ba! Na maƙogwaro, wanda aka yi in sun yi nisa."

Manu ya wuce ƙarƙashin kwando.

Lokaci ya kusa cika, ana binsu maki ɗaya. Mutum biyu suka matse Kamilu a gefen layi, bayansa ga kwando, ba ya ganin komai sai hammatar wani ƙato. Sai ya ji shi. Wani dogon kira ne, ya taso daga ƙasan ƙirji, ya hau sama ya karye a ƙarshe. Kamilu bai yi shawara da kowa ba, ya juya ya cilla ƙwallo sama, wajen muryar. Manu ya tashi, ya cafe ta da hannu biyu, ya danna ta cikin kwando har allon ya girgiza.

Wayyo, ihu! 'Yan kara suka ɓarke cikin fili. Hosea ya ɗare bayan Kamilu yana kwaikwayon kiran, abin na fita kamar kukan akuya. Nazir da kansa ya yi tafi, ko da yake ya ce shi ma da ya ci. Koci bai yi dogon jawabi ba. Ya ɗauko rigar Augustine ya wurga wa Manu, ya ce da sauran, "Bana duk wanda ya ji kiran nan bai jefa ba, benci!"

Kamilu na tsakiyar murna ya hango Manu zaune shi kaɗai, riga a cinya, idanunsa sun yi ja.

"Mi kuma? Ka samu riga, malam!"

"Tun randa ɓarayin daji sunka kore muna garke ban sake kiran ga ba," in ji Manu a hankali. "Ran nan na yi ta yi har muryata ta dushe. Ko guda ba ta juyo ba." Ya ɗago ya dubi Kamilu, karon farko ido cikin ido. "Yau na yi, ka juyo."

Kamilu, mai bakin kiran kansa bijimi, ya matso kusa da shi. Ya karɓi rigar ya zura wa Manu ta ka, ta tsaya masa iya cibiya.

"Duk kakar wasan ga," ya ce, "in ka kira, ina juyowa."